Cikon Bayan Iya Tasalla

A kusurwar ɗakin Iya Tasalla, can ƙasa inda bango ya haɗu da daɓe, akwai birni guda na aljanu, da ganuwarsa da kasuwarsa da koginsa. Mutanen Dutsen Kurciya sun yi shekara da shekaru suna shiga ɗakin nan suna fita, ba wanda ya taɓa lura da ƙofar birnin, don kowa gabansa yake kallo. Iya Tasalla kaɗai ke kallon ƙasa, ita ma ba da son ranta ba. Tsufa ne ya naɗe mata baya, ya bar ta a duƙe kamar mai neman allura.

Duk garin ta ƙafa ta san mutane. In ka yi sallama, ba za ta amsa ba sai ta dubi yatsunka. Liman ta san shi da faso, mai unguwa da silifa wari da wari, ni mai ba ku labarin nan kuwa da mataccen farce. Lurwanu mai zuma, wanda zai auri jikarta Suwaiba, ta san shi da babban yatsan ƙafar dama, wanda ya karkace tun da jaki ya taka shi yana ƙarami. Fuskarsa ba ta taɓa gani ba, don in ya durƙusa gaishe ta kansa a sunkuye yake, sai hula take gani.

Tana da wani hali kuma da ya ishi kowa, wato raba daidai. Ƙosai ɗaya in za ta ci da kai, sai ta sa zare ta yanka shi a tsakiya cif. Goro kuwa ko sarki ne ya roƙa, rabi zai samu. A wurinta komai na duniya rabi da rabi ne, kuma ba ka isa ka ja da ita ba.

To, a Dutsen Kurciya akwai al'ada. Ranar kai amarya, kakarta ce ke ɗaukar ƙwaryar nono a ka, ba ta riƙe da hannu, tun daga gida har ƙofar ango. Shi kuma ango ya saje cikin abokansa, kaya iri ɗaya, hula iri ɗaya, kaka ta gane shi da kanta ba mai nuna mata, ta miƙa masa. In nonon ya zube, ko aka rasa kakar da za ta ɗauka, sai a ce amarya ta shiga ba ƙwarya, kuma gorin nan ba ya mutuwa. Habi, uwar Suwaiba, ta rasu Suwaiba tana goye, kuma Iya ta yi mata alkawari cewa ita za ta kai ƙwaryar 'yarta da kanta.

Ga biki ya matso. Iya ta gwada da ruwa, ƙwarya ta sulale ta jiƙa mata ƙafa. Ta sake gwadawa, ta jiƙa kaza. Abin ya dame ta ƙwarai, har tuwo ya daina yi mata daɗi.

Suwaiba, wadda ɗinki ne sana'arta, ta ce, "Iya, ki bar wahalar da kanki. Ni gori ba ya huda mini fata."

"Ke yi mini shiru, ƙawata. Ba ke na yi wa alkawari ba."

Ran nan da hantsi tana shara, sai tsintsiyarta ta maƙale a kusurwar ɗaki. Ta ja, aka ja. Ta sake ja, sai wata 'yar murya ta ce, "Haba baiwar Allah, kullum sai kin share mana ƙofar gari da ƙarfi haka? Nan fa Birnin Kusurwoyi ne, inda ake miƙar da abin da ya lanƙwashe, ba juji ba." Iya ta ƙara duƙawa a kan duƙawarta, sai ga ƙofa ba ta fi tafin hannu ba.

"Ƙawata! Bar keken nan ki zo, na samo masu gyaran baya!"

Suwaiba ta shigo da igiyar awo a wuya, ta leƙa, ta ce, "Iya, ramin ɓera ne." Iya ba ta tsaya musu ba. Ta damƙi zanen Suwaiba, ta yi bisimilla, ta zura ƙafa. Kafin ƙiftawar ido suna tsaye a bakin wata ganuwa wadda tsayinta ya shige cikin gajimare.

Aljanun wurin ba su yi kama da waɗanda ake ba da labari ba. Kamar yankan kankana suke, da 'yan ƙafafu da idanu ƙwala-ƙwala, wata siririya, wata a buɗe kamar mafici. Kowace lambarta ce sunanta, suna ta tsalle suna kiran kansu, "Ni ce Goma!" "Ni ce Hamsin da Biyu!" A bakin ƙofa kuwa wani dogon aljani ya tokare hanya, a karkace kamar taɓaryar da aka jingine.

Ya ce, "Ya ku 'ya'yan Adam, ni ne Sarkin Ƙofa. Daga ina, zuwa ina, kuma da wace buƙata?"

Iya ta ce, "Ranka ya daɗe, daga ɗakina, wanda kuka tare a ciki ba ko sallama. Baya na kawo gyara."

"Wannan sai Magajiya, shugabar birnin nan, kuma ba a isa gare ta sai an san ciko." Ya zaro faifai daga hammata ya ɗaga. "Ku duba. Kakanninmu sun tsaga zagayen faifai gida ɗari uku da sittin, kowane gida sunansa digiri. Rabin faifai, ɗari da tamanin, shi ne miƙaƙƙen layi. Rabin rabinsa, casa'in, shi ne tsayuwar bango a kan ƙasa. Kusurwa biyu in suka haɗu suka ba da casa'in, mu kan ce cikon tsaye. In suka ba da ɗari da tamanin, cikon miƙe. Ni tsakanina da ƙasa arba'in da biyar ne. Ku kira wadda za ta tsayar da ni, ku wuce."

Suwaiba ta raɗa wa kakarta, "An koya mana wannan a makaranta, amma ranar ina bayan aji ina yi wa Ladidi kitso."

"Ba sai da makaranta ba," in ji Iya. "Arba'in da biyar yake? A kira masa 'yar'uwarta, a yi rabi da rabi. Arba'in da Biyar, fito!"

Wata aljana ta yi tsalle ta shige tsakanin Sarkin Ƙofa da ƙasa, sai ga shi ya tashi tsaye ƙyam, hanya ta buɗe. Ya yi miƙa, ya yi musu godiya da kirari. Iya ta wuce tana taƙama, tana cewa, "Kin gani? Goro ne kawai aka ba shi suna." Ni a ganina da ta faɗi a nan da ya fi mata sauƙi, don daga lokacin ba ta ƙara jin maganar kowa ba.

Suka bi wani lungu inda itatuwa ke tafiya suna gaishe da juna, suka haye tudun da ke atishawa, har suka iso wata katanga da ta rufe hanya. A karkace take, ta rinjayo kansu, tana gyangyaɗi tana zubo tsakuwa. A jikinta akwai ƙyaure, amma ya cije.

Katanga ta yi hamma ta ce, "Ya ku baƙi, barci ya rinjaye ni. Tsakanina da ƙasa saba'in ne. Ƙyaurena ba ya buɗuwa sai na tsaya."

"Iya, bari mu yi tunani," in ji Suwaiba.

"Tunanin me? Saba'in, fito!"

Sai ga wata aljana kakkaura mai fara'a ta taho a guje, tana tuntuɓe da ƙafafunta. "Ni? Ni aka kira? Wayyo daɗi, an daɗe ba a kira ni ba!" Ta faɗa ƙarƙashin katanga. Katanga ta ɗago, ta kai tsaye, ta wuce tsaye, ta ci gaba da tafiya baya, har ta kwanto a kan kasuwar aljanu da ke bayanta. Tukwane suka fashe, kaji masu kai biyu suka tashi sama, 'yan kasuwa suka sa ihu. Tushen katangar ya ɗago ƙasar da suke tsaye a kai, sai ga kaka da jika suna sulalawa zuwa bakin wani rami wanda ba a ganin ƙarshensa.

Suwaiba ta wurga igiyar awonta ta sarƙafe wani turke. Iya ta rataya a zanen jikar, ƙafafu na lilo a kan rami, amma bakin bai mutu ba. "Fito, mai ƙaton ciki! Uwar azarɓaɓi! Wa ya ce ki zaƙe?"

Saba'in ta fito da hawaye shaɓe-shaɓe, ta ce, "Ke fa kika kira ni." Katanga ta dawo ta ci gaba da gyangyaɗinta, ƙasa ta koma daidai.

Ta saman katanga Sarkin Kasuwa ya leƙo, miyar kuka na ɗiga daga ƙahonsa. "Ya ku 'ya'yan Adam, saba'in da saba'in ɗari da arba'in ne, kuma a kaina suka sauka. Kira ɗaya ya rage muku. In kun sake kuskure, a nan za ku zauna kuna wanke mana tukwane har Mahadi ya bayyana."

Suwaiba ta zauna ta sauke numfashi, ta dubi igiyar awon da ta cece su, sai abin ya faɗo mata. "Iya, in mace ta kawo mini yadi bai isa zane ba, ba na cewa ta ƙaro kamarsa. Cewa nake ta ƙaro abin da ya rage. Katangar nan casa'in take nema, tana da saba'in. Ashirin, fito!"

Wata siririya ta fito tana rangwaɗa. Iya ta ce, "Wannan 'yar firit ɗin?" Amma tana shiga, katanga ta tsaya cak, ta buɗe ido, ƙyaure ya wangale da kansa. 'Yan kasuwa suka manta da miyarsu suka hau tafi.

Iya dai ba ta gamsu ba. Tana wucewa tana gunaguni, "Ɗaya saba'in, ɗaya ashirin. Ina adalci a nan?"

Katanga ta ce, "Ya ke tsohuwa, ba rabon gado muke yi ba. Tsayuwa nake nema, na kuwa samu."

Suka ratsa kasuwa, inda ake sayar da inuwa a kwando da iska a tulu, suka gangara wani kwari mai ciyawa shuɗiya. Saba'in na biye da su daga nesa tana jan hanci, Iya ko waiwaye. A ƙarshen kwarin suka tarar da Kogin Cakulkuli. Ruwansa yatsu gare shi, wanda duk ya faɗa zai yi ta dariya har ya manta hanyar gidansu. A bakin gaɓa akwai aljanu da suka faɗa tun zamanin da, suna birgima suna riƙe da ciki.

Gadar kogin hannu biyu gare ta. Ɗaya na kwance a wannan gaɓa, ɗayan ya ɗage sama ya ƙi sauka a waccan. Ta ce da muryar tsohuwa, "Ya ku masu wucewa, tsakanin hannuwana ɗari da arba'in ne, kafaɗata ta gaji. Ku cika ni ku haye. Ku yi sauri kuwa, kogi ya ji ƙanshinku."

Gaskiya ta faɗa. Ruwa ya fara hawowa, ya taɓa musu tafin ƙafa. Suwaiba ta ƙyalƙyale, Iya ta ƙyalƙyale. Cikin dariya Suwaiba ke lissafi, don yanzu ita ke ji da kanta. "Casa'in, a cire, wayyo cikina, a cire ɗari da arba'in. Iya, ba ya ciruwa! Ta wuce casa'in!"

Ruwa ya kai idon sawu. Iya tana dariya har da hawaye, ta ce, "Ke 'yar nan, kin taɓa ganin gada a tsaye? Tabarma in ta naɗe baki, tsayar da ita ake yi ko miƙar da ita? Rabin faifai, ba rabin rabi ba!"

"Ɗari da tamanin! Ashe kina jin bayanin Sarkin Ƙofa?"

"Bayana ne ya duƙa, ba kunnena ba. Cire mana, ruwa ya kai gwiwa!"

"Arba'in, fito!"

Arba'in ta diro daga kan wata bishiya ta shige tsakanin hannuwan gada. Hannun da ke sama ya sauko a hankali ya dafa waccan gaɓa, gada ta miƙe sumul, ta yi ajiyar zuciya. Suka haye a guje suna sauran dariya, sai da suka yi nisa ta sake su.

Fadar Magajiya zagayayya ce, ba kusurwa ko ɗaya a cikinta, don a nan kusurwoyi ke hutawa. Aljanu sun cika ta maƙil. Magajiya kanta doguwa ce, miƙaƙƙiya kamar zaren da aka ɗaura wa dutse, a hannunta akwai rabin faifai na ƙarau, gefensa duk tsage-tsage.

Suka faɗi suka yi gaisuwa. Iya ta ce, "Ranki ya daɗe, ƙwaryar nono zan ɗauka a ka ranar bikin yarinyar nan. Na yi wa uwarta alkawari, uwar kuwa ba ta nan balle in nemi ta yafe mini."

Magajiya ta sauko, ta dafa faifan ƙarau a ƙugun Iya, ta duba. "Ya ke 'yar Adam, tsakanin bayanki da cinyarki ɗari da goma ne. Kira ɗaya gare ki, babu na biyu. Wadda kika kira za ta shiga bayanki ta zauna. In ta yi kaɗan, a duƙe za ki ƙare. In ta yi yawa, ki gantsare, ki koma kallon sama har abada, ba ƙafa ba fuska."

Fada ta kaure da "Ni! Ni!" Wata shirgegiya ta ture kowa ta zo gaba, ta ce da murya mai zaƙi, "Ni ce Ɗari da Goma, tagwaye muke da bayanki. Rabi da rabi, ko ba haka kike so ba?" Bakin Iya ya buɗe da kansa, don hali ba ya fita a yini guda. Suwaiba ta yi wuf ta toshe shi da tafin hannu.

"Iya, ki tuna miyar kuka."

Iya ta haɗiye kiran. Suwaiba ta ce, "To, mutum dai tsayuwa yake yi, kamar katanga. Cikon tsaye ke nan?"

"A'a, ƙawata. Ƙafata a tsaye take a kan ƙasa, ba ta yi mini laifi ba. Bayana da cinyata ne suka saɓa, su nake so su miƙe kamar gada. Cire daga ɗari da tamanin."

Suwaiba ta cire, sai ta kau da kai. Iya ta zungure ta.

"Nawa ne?"

"Iya, kin sani."

"Faɗa dai, ko kunnena ya ji wani abu dabam."

"Saba'in."

Duk fada aka waiwaya. Can jikin bango Saba'in ta juya baya, ta harɗe hannu. Ta ce, "Mai ƙaton ciki ba ta zuwa. A nemi 'yar firit."

Magajiya ta ce, "A birninmu ba a tilasta wa ciko."

Iya ta ja ƙafa har inda take. Ta kwance haɓar zane ta ɗauko goro fari guda, wanda ta ɓoye don ranar biki. Farcenta ya tafi tsakiya kamar yadda ya saba, sai ta tsaya. Matar da tun da take ba ta taɓa ba kowa abin da ya wuce rabi ba, ta gutsiri ɗan mitsitsi ta jefa a baki, ta miƙa sauran duka.

"Karɓi, 'yar albarka. Girmanki daidai yake. Ni ce na kai ki inda ba wurinki ba, na dawo ina zaginki. Ki yi haƙuri."

Saba'in ta saci kallon goro, ta saci kallon Iya. "Babban nawa ne?"

"Naki ne. In an haɗa da nawa ai goro guda ne."

Aljana ta karɓa, fara'arta ta dawo gaba ɗaya. "Sharaɗina biyu. Kullum da safe a ajiye mini irin wannan rabo a kusurwar ɗaki. Kuma ranar biki ki yi rawa, don ban taɓa zuwa bikin 'yan Adam ba."

"Rawa? Ke dai shiga ki gani."

Saba'in ta ja da baya, ta taho a guje, ta yi tsalle. Aka ji ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana karya kara. Iya Tasalla ta ɗago, ta ɗago, ta ɗago, ta tsaya cak, ba ta wuce ba. Abin da ta fara gani shi ne idon Suwaiba, daidai saitin nata.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Ashe tsayinmu ɗaya. Tsayin uwarki ke nan." Suwaiba ta rungume ta, suka yi kuka suna dariya, aljanu suka rangaɗa guɗar da ta girgiza fada. Magajiya ta ɗaga faifan ƙarau ta yi musu fifita sau ɗaya, iska ta kwashe su.

A tsakar ɗaki suka dira, suka tarar gida cike da mata, ana ta cigiyar amarya da kakarta. Ashe lokacin can ba irin namu ba ne, ranar kai amarya ta zo. Da Iya ta fito a miƙe, mata suka watse da salati, wata ta faɗa cikin tukunyar ruwa. Ita kuwa Iya sai bin su take da kallo.

"Ke kuma wace ce?"

"Ni ce Kande, maƙwabciyarki!"

Iya ta dubi ƙafar, ta dubi fuskar. "Ikon Allah. Ashe haka kike."

Aka shirya amarya a gurguje. Da la'asar aka cika ƙwarya da nono har baki, aka ɗora wa Iya a ka, ta saki hannu. Ta fita gaba, amarya da mata na biye, makaɗa na gefe. Tana tafe tana ganin abubuwan da ta manta da su: kan dabinon masallaci, shirwa na shawagi, sararin sama fes. Nono ko motsi bai yi ba. Gari duka ya fito kallo, farin ciki ya cika ta har tana jin kamar ta tashi sama.

Sai da suka iso ƙofar ango murna ta koma ciki. Ga samari a jere, fararen kaya iri ɗaya, hula iri ɗaya, kowa na murmushi. Iya ba ta san fuskar ko ɗaya ba. Ƙafafun da ta sani suna can ƙasa cikin takalma, ita kuwa ba halin sunkuyawa. Kiɗa ya tsaya. Nono ya fara rawa a bakin ƙwarya.

Daga cikin bayanta Saba'in ta raɗa, "Kada ki duƙa. In kin duƙa nono ya tafi."

Iya ta yi gyaran murya. "Samari, al'ada ta ce ba mai nuna mini ango. Ba ta ce kada ku gaishe ni da ƙafa ba. Kowa ya cire takalmin dama, ya ɗago ƙafarsa gaba."

Muka dubi juna, don ni ma ina cikin layin. Muka cire, muka ɗaga.

"Ɗagawa sosai, ta kai casa'in! Kai mai gemu, taka ba ta fi talatin ba, ƙaro sittin!"

Mai gemun ni ne, kuma har yau cinyata tana tuna mini. Muka yi ta ɗingishi da ƙafa ɗaya muna dafa juna, biyu suka kife, jama'a na dariya har da faɗuwa. Iya ta bi layi a hankali, wuya a miƙe, ido kaɗai ke aiki. Ta wuce mataccen farcena, ta wuce mai kaushi, ta wuce mai yatsa shida. Can kusa da ƙarshe ta tsaya a gaban wani babban yatsa da ya karkace.

Ta ɗago ido daga yatsan zuwa fuskar, ta ƙare mata kallo tsaf.

"To, Lurwanu, yau na gan ka. Wallahi yatsan ya fi kyau."

Wuri ya kaure da shewa. Ta sa hannu biyu ta sauke ƙwarya, cike kamar yadda aka ɗora ta, ko ɗigo bai zuba ba. Ango ya durƙusa ya karɓa, ya tambaya cikin ladabi ko rabi zai sha, don ya san hali.

"Sha abin da ya ishe ka, ka bar mata sauran. Gobe ita ta sha da yawa. Ƙwaryar dai guda ce."

Aka sa guɗa, makaɗa suka saki kiɗa. A cikin hayaniyar nan Iya Tasalla ta ɗaga kai sama, abin da ta yi shekaru ba ta iya ba, ta ce a hankali, "Habi, na kai." Ta share ido da bakin gyale, ta ɗaure shi a ƙugu tamau, ta faɗa fili. Waɗanda ke kusa sun rantse guɗa biyu suka ji tana fita daga jikinta, ɗaya daga baki, ɗaya daga baya.